Abin da Hannuna Ya Sani, Bakina Ya Ɓoye

Sana'ata ita ce gashin ƙashi, wato tausa da motsa gaɓoɓi da jinyar jijiyar da ta gurɗe ko tsokar da ta yage, kuma a birnin Grenoble na ƙasar Faransa na koye ta bayan na baro Damagaram a 2006. Da na gama karatu na yi 'yan shekaru a wani asibiti ina fama da tsofaffin da aka yi wa aikin ƙugu da gwiwa, sannan a 2013 na samu gurbi a wani ɗakin gashi da ke Villard-de-Lans, wani gari a kan tsaunukan Vercors wanda bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Grenoble ba. A kan hanyar hawa wannan tsauni ne, wata safiya ta watan Yuli, na fara ganin mutanen da daga baya suka cinye rabin rayuwata. Samari ne guda shida a jere, kowanne ya ɗaure ƙafafunsa a kan wasu siraran ƙarafa biyu masu ƙananan tayoyi, yana dogara sanduna biyu a kwalta, suna hawan tudun da motata ke nishi a kansa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hira suke yi.

Bayan kwana kaɗan na sake ganinsu a filin atisaye na Corrençon-en-Vercors, wannan karon kowa da bindiga goye a bayansa kamar yadda mace ke goya ɗa. Da na kwatanta wa mahaifiyata a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, ashe sojoji kake yi wa tausa?" Na yi dariya a lokacin, amma Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin wannan wasa da ake kira biyatalon ya samo asali ne daga sintirin sojojin arewacin Turai a kan dusar ƙanƙara, kuma har yau da yawa daga cikin manyan 'yan wasansa a Faransa da Jamus da Italiya daga rundunar soja ko hukumar kwastan ko ta 'yan sanda albashinsu ke fitowa. An shigar da shi gasar Olamfik ta hunturu a 1960, mata kuma suka shiga a 1992 a Albertville, nan kusa da mu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan wasa yakan yi tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara da bindiga mai nauyin aƙalla kilo 3.5 a bayansa, ya tsaya a filin harbi yana haki, ya saki harsashi biyar a kan baƙaƙen faya-fayai biyar da ke nesa da shi mita 50, kimanin rabin tsawon filin ƙwallon ƙafa. Idan a kwance yake rubda ciki, faɗin wurin da zai sama milimita 45 ne, bai kai bakin kofin shayin da muke sha a majalisa ba, idan kuma a tsaye yake milimita 115 ne, kusan girman faifan CD. Duk harsashin da ya kuskure sai ya biya shi da zagayen horo na mita 150, wanda ke cin sama da daƙiƙa 20, a dogon tseren kilomita 20 kuwa minti ɗaya cur ake ƙara masa. Gajeren tseren maza na kilomita 10 yakan ƙare cikin minti 25 ko kusa da haka. Waɗannan mintoci da ake nunawa a talabijin daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris su ne abin da jama'a suka sani game da wasan. Ni kuwa watanni bakwai da ke gabansu na sani, domin a cikinsu ne jikin 'yan wasan ke zuwa hannuna.

Ba zan faɗi sunan yaron da wannan labari ya shafa ba, ko da yake da yardarsa nake ba da shi. Ya fara zuwa wurina a 2014 da ciwon gwiwar hannu, ciwon da kusan duk masu dukan kwalta da sanda suke yi, saboda kwalta ba ta lotsawa kamar dusar ƙanƙara, duk dukan da ka yi mata sai ta mayar maka da shi a gaɓa. Tun ranar da ya ji wani ɗan'uwana ya kira ni Malam a waya shi ma ya ɗauka, ni kuma nake ce masa ƙanena. Yana cikin rukunin da na fi tausaya wa a wannan wasa, wato waɗanda suka kai ƙofar Gasar Kofin Duniya, suna shiga suna fita, wani mako a babbar gasa, wani mako a gasa ta biyu da ake kira Kofin IBU. Zamanin Martin Fourcade ne, gwarzon ɗan wasan Faransa wanda ya ɗauki kofin jimlar maki na Gasar Kofin Duniya sau bakwai a jere daga 2012 zuwa 2018, kuma guraben da ƙasa mai ƙarfi ke samu a tsere ɗaya galibi shida ne, alhali masu nemansu sun ninka haka.

Shekarar ɗan biyatalon a farkon watan Mayu take farawa, bayan hutun Afrilu, wanda shi ne kaɗai watan da zai ci abin da ya ga dama ya kwanta lokacin da ya ga dama. Abin da ake kira bazara a nan ya yi daidai da daminarmu, saboda haka lokacin da 'yan'uwana ke duban gabas suna jiran ruwan shuka, shi ne lokacin da ƙanena ke buɗe sabon littafin atisaye. Da ƙarfe shida da rabi, kafin ya sauko daga gado, zai auna bugun zuciyarsa ya rubuta. Daga nan sai ya ɗauki bindiga ba harsashi, ya tsaya a gaban wata takarda mai ɗigo biyar da ya manna a bangon ɗakinsa, ya yi minti 20 ko 30 yana sauke ta daga baya, yana ɗora ta a kafaɗa, yana danna kunama, yana mayar da ita. Na taɓa zama ina kallonsa, na ƙirga sau nawa ya maimaita motsi guda har na gaji na bari. Bayan karin kumallo sai babban atisayen safe, awa biyu zuwa uku a kan ƙarafan taya ko keke ko gudu a tsauni da sanduna, sai abincin rana mai yawan taliya ko shinkafa, sai barcin rana wanda shi ma a rubuce yake a cikin jadawali kamar kowane aiki. Da la'asar akwai atisaye na biyu, ko ɗaga ƙarfe ko gudu mai sauƙi, sannan sau biyu ko uku a mako ya zo ya kwanta a teburina. Kafin ƙarfe goma ya yi barci, alhali a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai bayan ƙarfe tara.

Manyan 'yan wasan kan tara awa 700 zuwa 900 na motsa jiki a shekara, kuma mafi yawansu a waɗannan watanni ake yin su. Na daɗe kafin na fahimci cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan awanni a hankali ake yin su, a saurin da mutum zai iya magana ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba, wanda shi ne sirrin hirar da na ji samarin nan suna yi a kan tudu. Dalili kuwa shi ne doguwar tafiya mai sauƙi ita ce ke faɗaɗa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ita ce ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, kuma jiki na iya ɗaukar ta kullum ba tare da ya rushe ba. Atisaye mai tsanani, irin wanda ake hawa tudu har ido ya yi duhu, sau ɗaya ko biyu ne a mako, kuma a irin wannan rana koci yakan tsaya a bakin hanya ya tsaga fatar kunnen ɗan wasa ya ɗebi ɗigon jini ya auna sinadarin laktat, wanda ke taruwa idan tsoka ta yi aikin da ya fi ƙarfin iskar da take samu. Sau da yawa na ga an yi wa yaro faɗa saboda ya yi sauri a ranar da aka ce a yi sannu, amma ban tuna ranar da aka yi wa wani faɗan lalaci ba, domin malalaci ba ya kaiwa wannan mataki tun farko.

Harbi shi ne ɓangaren da na fi son kallo, kuma shi ma hawa-hawa ake gina shi. A Mayu da Yuni ba gaggawa, ɗan wasa zai kwanta a shimfiɗa jikinsa a huce, ya harba a kan takarda, koci na bayansa da madubin hangen nesa yana duba ko ramukan sun taru wuri ɗaya. A lokacin ne ake gyara ƙotar bindiga, wadda da katako ake sassaƙa ta daidai da kumatu da kafaɗa da tsawon hannun mai ita, har ya zama ba wanda zai ji daɗin harbi da bindigar wani. Daga Yuli sai a fara haɗa gudu da harbi, ya shigo fili zuciyarsa na bugawa kusan 180 a minti, ya dubi ƙananan tutocin da ke nuna iska, idan ta sauya ya murɗa maɓallin saiti, ya kwanta. Ba ya jiran zuciya ta kwanta, domin jira ɓata lokaci ne, kuma idan ya daɗe bugun kan yi nauyi har ya riƙa girgiza bakin bindiga. Abin da yake yi shi ne ya ja numfashi biyu ko uku, ya saki wani kaso, ya riƙe, ya matsa kunama a hankali har ta tashi kamar ba shi ya tayar da ita ba. Dokar wasan ta ce kunamar ba za ta yi laushin da ya gaza nauyin giram 500 ba, saboda haka yatsa yakan cinye mafi yawan nauyin tun kafin saiti ya daidaita, ya bar ɗan kaɗan na ƙarshe. Duk wannan, harsashi biyar, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. A tsaye abin ya fi wuya, domin sai ya turo ƙugu gaba ya dasa gwiwar hannu a kan ƙashin ƙugun, ƙafafun da suka gama hawa tudu suna rawa a ƙarƙashinsa, kuma wannan tsayuwa ce ke kawo mini su da ciwon baya. Manyansu kan harba fiye da harsashi 20,000 a shekara, don harbin da a tsere ɗaya bai wuce 10 ko 20 ba.

Kusan rabin kowane wata ƙanena ba ya gida. Akwai zaman tsauni a Font-Romeu, cibiyar da Faransa ta gina a tsaunukan Pyrénées a tsayin kimanin mita 1,800 don shirin Olamfik na Meziko na 1968, inda ƙarancin iska ke sa jiki ya ƙara jini, akwai Bessans a cikin tsaunukan Alps, akwai Prémanon a yankin Jura inda ake ɗora su a kan babban injin gudu da abin rufe baki ana auna iskar da huhunsu ke ja. Da kaka ta kama sai neman dusar ƙanƙara ta gaske, ko a dogon zauren Oberhof na Jamus da ake riƙe da sanyinsa a digiri 4 ƙasa da sifiri ko da rana na ƙuna a waje, ko a kan ƙanƙarar dutsen Dachstein da ke saman Ramsau a Ostiriya. Wanda ya ji sunayen nan zai ɗauka yawon duniya ne, amma na bi shi wasu daga cikin tafiye-tafiyen, kuma abin da na gani shi ne ɗakin otal da ɗakin cin abinci da filin harbi. Ko a gida ma ba sakewa, domin kowace rana ta shekara sai ya rubuta wa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari inda za a same shi na tsawon awa ɗaya, kuma kuskure uku cikin wata 12 na iya jawo dakatarwa. Na san bukukuwan aure biyu na abokansa da ya bari tun kafin a ci abinci, kuma daga Oktoba ba ya ba kowa hannu saboda tsoron mura, abin da ni Bahaushe na daɗe ina jin nauyinsa.

A Fabrairun 2018 aka yi Olamfik a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, ƙanena kuwa a talabijin ya kalla, bayan ya yi shekara huɗu yana ganin kansa a can. Da Mayu ta zo ya dawo atisaye da wata irin natsuwa da ban saba gani ba. Azumin wannan shekara daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni ya kama, muna yin kusan awa 17 ba ci ba sha, kuma na tuna wata rana da nake miƙa masa gorar ruwa a bakin hanya ya dube ni ya ce, "Malam, in kai za ka iya wannan, ni ba ni da hujjar cewa na gaji." Na ji daɗin maganar a lokacin. Yanzu in na tuna ta sai in ga tun a nan ya kamata in tsaya in saurara.

A cikin Yuli hannuna ya fara gaya mini abin da littafinsa bai faɗa ba. Tsokar ɗan wasan da ya yi aiki ya huta tana da tauri a sama, amma in ka bi ta da babban yatsa minti kaɗan sai ta saki. Tasa ta daina saki. Sha-raɓarsa da cinyoyinsa sun zama kamar igiyar da aka jiƙa ta bushe, ƙashin haƙarƙarinsa ya fara fitowa, kuma wani ƙujewa da kwalta ta yi masa a gwiwa, domin ƙarafan tayar nan ba su da birki, ya yi mako uku bai warke ba. Da na matsa masa da tambaya sai ya faɗa mini gaskiya. A ranakun hutu yana fita shi kaɗai ya yi awa uku a keke, bayan atisayen la'asar yana ƙara wani gudun, ranakun sannu kuma ya mayar da su na matsakaicin sauri, kuma ba ya rubuta ko ɗaya a littafin da koci ke dubawa. Bugun zuciyarsa na asuba ya hau da kusan takwas a kan yadda ya saba, barci kuma sai ƙarfe biyu na dare. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, wannan tsakanina da kai ne."

Na yi shiru, kuma ina da hujjojin da na riƙa ba kaina. Dokar aikina ta hana ni fitar da sirrin wanda nake jinya ba da izininsa ba, wannan gaskiya ne, kuma na taso a gidan da ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma akwai abin da dokar ba ta hana ni ba, wato in zaunar da shi in ce ba zan sake taɓa shi ba sai ya je wurin likitan 'yan wasa, ko kuma in ce mu tafi tare mu faɗa wa koci. Ban yi ba saboda dalilai biyu da ban so in amsa su a lokacin. Na farko, na ji daɗin zama wanda aka ba amana, ni baƙon da ya fito daga ƙasar da ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, a ce ni kaɗai na san abin da manyan masana ba su sani ba. Na biyu, a can cikin zuciyata na yarda da shi, domin tun ina yaro abin da na sani shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a gona shi ke fin kowa dami. Abin da na yi ma ya fi shirun muni, domin na ƙara masa ranakun tausa daga biyu zuwa huɗu, ina sassauta tsokar da ya kamata ta ɗaure ta tsayar da shi, ina goge shaidar da wani zai iya gani. Ba don hannuna ba, da jikinsa ya ƙi tun a watan Agusta, lokacin da sauran gyara.

Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne a gasannin bazara da ake yi a kan taya a watan Satumba ya yi fice ƙwarai, har wasu suka fara cewa wannan shekararsa ce. Mu Hausawa mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma tsofaffin wannan wasa ba sa murna da wanda ya yi ƙarfi da wuri, domin sun sha ganin gwanin Satumba ya zama ɗan kallo a Janairu. A Oktoba ya yi mura sau biyu. A gasar farko ta Disamba ya kasa ɗaga bugun zuciyarsa zuwa inda ya saba, yana taka tudu ƙafa ba ta amsawa, kuma a harbin tsaye ya kuskure uku cikin biyar, ya yi ta zagayen horo ana wuce shi. An mayar da shi gasa ta biyu, can ma haka, kuma kafin ƙarshen Janairun 2019 likita ya dakatar da shi gaba ɗaya. Gwajin jini bai nuna wata cuta ba, gajiya ce mai zurfi wadda barcin mako ɗaya ba ya maganinta, kuma ya yi kusan wata biyu hawan matakalar gidansu na sa shi haki.

A cikin Fabrairu ya zo wurina ba don tausa ba, ya zauna a kujerar da masu jira ke zama. Kafin ya yi magana na riga shi, na ce, "Ƙanena, rabin wannan abu nawa ne, na gani tun Yuli na kuma taya ka ɓoyewa." Ya ce shi ya roƙe ni, na ce roƙo ba ya sauke nauyi daga kan wanda ya sani. Washegari muka tafi tare wurin kocinsa, shi ya faɗi nasa, ni na faɗi nawa. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya ce kawai ya kwana uku yana duba littafin atisaye yana neman kuskuren da ya yi a tsarin, ashe littafin ne ba gaskiya ba. Wannan maganar ta fi zagi zafi a wurina.

Bazarar 2019 da sharaɗi muka shige ta. Ya sa hannu a takardar da ta ba ni izinin yin magana da kocinsa da likitansa kai tsaye, kuma kowace asuba lambar bugun zuciyarsa na shigowa wayoyinmu mu uku. An rage masa awanni, an mayar da ranar hutu ta zama hutu na gaske. Ranar da ta fi yi masa wuya a duk wannan shekara ba ta hawan tudu ba ce, wata Talata ce a watan Yuli da lambar ta hau kwana biyu a jere, aka ce ya zauna a gida alhali abokansa sun tafi doguwar tafiyar awa huɗu. Ya kira ni yana huci, ya ce an mayar da shi tsoho, ya ce kowace awa da ya zauna wani a Norwe yana yin ta. Na ce masa ya ɗauki bindiga ya tsaya gaban takardarsa ta bango, in ya gama ya kwanta. Ya kashe wayar ba sallama, amma ya zauna.

Bai zama zakaran duniya ba, kuma ba zan ƙara wa labarin gishirin da ba ya ciki ba. Ya koma gasa a hunturun da ya biyo baya, ya sake samun shiga Gasar Kofin Duniya wasu makonni, ya yi shekara uku yana fafatawa lafiya lau, Olamfik ɗin Beijing na 2022 ma bai samu zuwa ba, kuma a ƙarshen wannan kakar wasa ya ajiye bindiga. Yanzu yana koya wa yara a wani kulob ranar Laraba da Asabar, da bindigar iska a nisan mita 10, kuma gwiwar hannun nan har yau takan kawo shi wurina idan sanyi ya shigo.

Ranar da ya yi ritaya ya kawo mini littafin atisayensa na 2018. Ya bi shi shafi bayan shafi da jan biro, ya rubuta a gefen kowace rana awannin da ya yi a ɓoye, har da ranakun da aka rubuta hutu da baƙin biro, ga jan rubutu a gefe yana cewa keke, awa uku. A shafukan Agusta ya ƙara wani abu da ban zata ba, domin a ƙarƙashin ranaku huɗu na kowane mako ya rubuta sunana. Ya ce in nuna wa duk wanda na ga dama. Littafin yana cikin aljihun teburin da nake ajiye man tausa, kuma daga lokacin zuwa yau sau biyu na ciro shi, duka biyun a watan Yuli, duka biyun bayan wani yaro da ke kwance a gabana ya rage murya ya ce yana da wata magana da yake so ta tsaya tsakanina da shi.